Ranar da Na Kira Sunan Malam a Gidan Zu

Mu shida ne a motar ranar. Akwai ni. Akwai Nasiru, ɗana na uku, shi ne yake tuƙi, motar ma tasa ce, bai daɗe da sayenta ba. Akwai matarsa Na'ima. Akwai Asabe, ƙanwar mahaifinku da kuke ce wa Gwaggo, wadda ita kaɗai ta cinye rabin kujerar baya. Sauran biyun, wato mahaifinku, Allah ya jiƙansa, da ɗan Nasiru na fari, sunansu ɗaya, kuma ba za ku ji shi a bakina ba. Na gaya wa Hadiza, autata da ke rubuta wannan, kada ta kuskura ta saka shi ko a gefen takarda. Kun san sunan. Wanda bai sani ba ya tambayi wani.

Abin da ya sa na zaunar da ita ta rubuta shi ne, kun mai da wannan rana abin hirar sallah. Da an ci an ƙoshi sai wani ya ce a ba shi labarin Inna a gidan zu, a kwashe da dariya, ni kuwa in tashi in shige ɗaki. Kowa da irin nasa labarin. Wani ya ce zaki ne ya ɓalle. Wata ta ce ruɗewa na yi, bakina ya suɓuce ban sani ba. Har na ji jikokina suna cewa suma na yi aka yayyafa mini ruwa. Babu zakin da ya ɓalle, ban suma ba, bakina kuma bai suɓuce ba. A cikinku Nasiru ne kaɗai ya je, shi ma ya ba ni baya yana ɗaukar hoto. To ku zauna ku ji daga wadda abin ya faru a kanta.

A Zandam aka haife ni, can ƙasar Gwaram, gidan manoma. Ban taɓa zama a aji ba, abin da na sani a bakin uwata na ji shi, ko kuma idona ya gane mini. Ranar da za a kawo ni Birnin Kudu uwata ba ta yi mini dogon wa'azi ba. Ta ce in riƙe sallata, in riƙe tsaftar tukunyata, sunan miji kuwa in ɗauka ba a raɗa masa ba. Shekara arba'in da 'yan kai na riƙe wannan magana. Mai injin niƙa na bakin layinmu sunansu ɗaya da mahaifinku, ban taɓa ce masa komai ba sai mai sunan Malam, har unguwa duka ta kama, ya mutu da wannan suna. Da na je awon cikin Nasiru, ma'aikaciyar asibiti ta tambaye ni sunan maigida za ta rubuta a kati, na tsaya ina kallon ƙasa har matan da ke layi suka fara tsaki, sai da wata maƙwabciyarmu ta leƙo ta bayana ta faɗa mata. Kada ku ɗauka tsoronsa nake ji. Mahaifinku ko kajin gidan nan ba sa tsoronsa, a kan tabarmarsa suke kwana. Girma ne, ni na ga dama na ba shi, kuma da shi nake tsayawa a gaban kowace mace a unguwar nan in yi mata faɗa ta sunkuyar da kai.

Sai Allah ya kawo Na'ima. 'Yar ɗan sanda ce, a bariki ta tashi, yau suna wannan gari gobe suna wancan, har Kudu sun zauna. Yarinya ce mai tsafta, mai hannun girki, ba ta da ƙyuya, wannan ba zan ɓoye ba. Amma abubuwan da mu aka cusa mana tun muna goye, ita babu wanda ya cusa mata. Da cikinta ya tsufa iyayenta suna nesa, sai ta haihu a ɗakina. Ni na yi mata wankan jego, ni na dama mata kunun kanwa, ni na fara yi wa yaron wanka. Ranar suna Nasiru ya yi wa ubansa takwara. Na ji daɗi, ban nuna ba. Na tara matan gida na ce yaro Abba za a riƙa ce masa, kamar yadda ake yi a ko'ina. Kowa ya ce to. Da ta yi arba'in suka koma Gwaram, inda Nasiru yake aikin malamin gona.

Sai da yaro ya fara tafiya suka zo mana kwana biyu. Lokacin ɓarar gyaɗa ne, mata sun cika tsakar gidana, har da Asabe. Yaro ya nufi murhu. Sai na ji sunan mahaifinku ya tashi a tsakar gidansa, gatsau, kamar ana kiran ɗan aike. Hannun kowa ya tsaya a kan gyaɗa.

"Na'ima, me na ji?"

"Inna, wuta zai taɓa."

"Ba wutar na tambaye ki ba. Sunan wa kika kira a gidan nan?"

Ta durƙusa, wannan kam ta iya. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Da shi ya saba. Babansa ya ce sunan Annabi ne, gara ya tashi ya san abinsa. Kuma Abba a layinmu kaɗai sun fi biyar, in na kira ɗaya duka suke zuwa."

Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa suruka ba. Na ce a barikin da ta tashi wataƙila haka ake yi, nan kuwa gidan mutane ne. Asabe da ba ta iya ganin wuta ba ta ƙara ice ba, ta watsa gyaɗa a baki ta ce:

"Yaya, ki ƙyale yarinya, zamaninsu ne. Ke ma wata rana sai kin faɗe shi, ina nan da raina, da kunnena zan ji."

"Wallahi tallahi, Asabe, har a sa ni a kabari wannan suna ba zai fito daga bakina ba."

Matan suka ce a'a, ban da rantsuwa, Inna. Ai ta riga ta fita. Daga ranar Na'ima ba ta sake kiransa a gabana ba. In tana sonsa sai ta tashi ta je ta ɗauko shi. Ni kuwa duk zuwansu sai in yi ta Abba, Abba, shi kuma ya yi ta kallon kaji. Ko waiwayowa ba ya yi. Na ce a raina zai koya, na ga waɗanda suka fi shi taurin kai.

Da babbar sallah ta zagayo, yaro ya shekara biyu da 'yan watanni, Nasiru ya zo da sabuwar motarsa ya ce zai kai ubansa Kano ya ga zaki. Mahaifinku ya sha ba ku labarin yadda ya taɓa jin kukan zaki a daji yana saurayi bai gan shi ba, to wannan ne Nasiru yake so ya cika masa. Ni na ce ba ni zuwa. Na ga namun daji kyauta a gonar babana, ba zan biya kuɗi in kalle su a keji ba. Amma da na ji za a tafi da yaron cikin taron sallah, sai na ɗauko mayafina. Na ce in ban je ba wa zai sa masa ido. Na zuba soyayyen naman layya a kwano, na saka masa 'yar hular da na saya masa a kasuwa, mai jan zare, ta zauna a kansa kamar don shi aka ɗinka.

Mun isa rana ta fara zafi. Ban taɓa ganin yara a wuri ɗaya kamar ranar ba, kowa da sabon ɗinki, masu rake da masu askirim da masu balan-balan suna ta kira. Warin wurin warin dabba ne, wanda ya tashi a gidan kiwo ba zai dame shi ba, Na'ima ce kaɗai ta toshe hanci. Yaron kuwa duk abin da ya gani mai ƙafa huɗu sai ya nuna ya ce "mee", don awaki ya sani. Da ya ga jimina ya buɗe baki ya ce, "Kaza!" har wasu 'yan mata suka tsaya suna dariya. Aka ɗaga shi ya ga kada, ya ƙi kallo, ya zille ya sauka, ya je ya tsuguna a gaban wani ƙadangare da ke kan bango. Ƙadangare ya gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa. Sun daɗe suna gaisawa.

Mahaifinku ya ce, "To, madalla. Mun ƙona mai tun daga Birnin Kudu, mun yanki tikiti, ashe takwarana ƙadangare ya zo gani. Da mun sani da mun zaunar da shi a bayan ɗakinki."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Na'ima take riƙe da shi. Ta saɓa shi a kafaɗa, ta sumbace shi, ta share masa baki da gefen mayafinta, duk a gaban surukinta. Ɗan fari ne fa. Ni babban yayanku har aka yaye shi ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, kakarku ce ta rene shi. Na daure, na daure, da muka zo wajen wata bishiya mai benci a ƙarƙashinta na ce:

"Kawo shi nan. Ki je ki kalli abin da kika zo kallo."

Ta miƙo shi ba musu. Ta ɗan tsaya, sannan ta ce, "Inna, yana da saurin ƙafa fa."

"Na yi renon tara kafin a haife ki."

Suka wuce wajen zaki, ita da mijinta da mahaifinku. Ni gwiwata ta dama ta riga ta fara ciwon da kuka san ni da shi, na zauna a bencin, Asabe ta zauna kusa da ni ta buɗe kwanon nama. A hagunmu akwai kejin bika, wanda yaran yanzu suke ce wa gwaggon biri. A gaban kejin an kafa ƙarfe a gicciye, ya kai ƙugun babban mutum, don kada a matsa kusa. Wanda ya kafa shi bai yi laifi ba. Yaro irin wannan a hannun babba ya kamata ya kasance. Na saki hannunsa don in ɓare masa ayaba, na ba shi ya riƙe. Sai na ɗaga ido na hango can Na'ima ta jingina kafaɗarta da ta Nasiru, ya ɗaga waya sama suna hoto, ga mahaifinku a tsaye a gefensu.

Na taɓa Asabe na ce, "Kalli can."

Ta ce, "Yaya, wai idonki ba ya hutu ne? Ko ranar sallah?"

Da na mai da ido gefena, babu yaro.

Ban daɗe ina nema ba, jan zaren hular na fara gani. Ya bi ta ƙarƙashin ƙarfen, ko sunkuyawa bai yi ba, yana tafiya irin tasu ta tangaɗi, ya miƙa hannu da ayaba. Bikan ya sauko daga inda yake, ya zauna jikin wayar kejin, ya zuro hannunsa waje har kafaɗa. Bai yi kuka ba, bai yi tsalle ba, ya yi tsit yana jira. Mutanen da ke wurin hankalinsu na kan ƙananan birai da ke wasa a sama. Ku ba ku san bika ba, ni na san shi. Gonar babana a gindin dutse take, tun ban kai aure ba nake hawa rumfa ina korar su daga dawa da ihu da gwangwani. Na ga ranar da ɗaya ya zauna shiru haka, karen babana ya matso, ya cafke masa ƙafa ya ja shi cikin duwatsu. Ƙaramin biri abin hannunka yake fizga ya gudu. Bika da hannun yake haɗawa.

Na yunƙura zan tashi, gwiwa ta ƙi. Na ce, "Abba!" Yara uku suka waiwayo, ɗaya ma har ya ce na'am, nawa kuwa ko gezau. Na sake cewa, "Abba!" Asabe ta gani, ta saki kwano, ba abin da take iya faɗa sai innalillahi.

A nan ne kuke cewa na ruɗe. Ban ruɗe ba. Na tuna rantsuwata. Na san Asabe na gefena da kunnenta, kamar yadda ta ce. Na san mahaifinku zai ji, surukata za ta ji, ɗana zai ji. Duk na auna wannan, na ga abin da zan rasa, na kuma ga ɗan hannun nan da ayaba a ciki. Sai na cika ƙirjina kamar yadda nake yi a kan rumfar gona, na fito da muryar da na binne tun ina budurwa, na kira sunan. Cikakkensa, ban rage ko harafi ba.

Yaro ya tsaya cak. Ya juyo, ya gan ni, ya washe haƙoransa, ya taho. Hannun bikan ya wuce ta bayan kansa, ya tafi da hular.

Daga can wajen zaki kuma sai na ji an ce, "Na'am!" da ƙarfi, da sauri, kamar yaron da uwarsa ta kama yana satar nama. Mahaifinku ne. Dattijo mai farin gemu, ya juyo a firgice yana neman wanda ya kira shi, har sandarsa ta faɗi.

Wani ma'aikacin wurin mai koren kaya ya tsallaka ƙarfen ya suri yaron ya fito da shi. Ya dube mu ya ce:

"Wa ke riƙe da yaron nan?"

Na ce, "Ni ce."

"To Hajiya, a riƙa sa ido. Yaro ba a sakinsa a nan."

Ni ake gaya wa a riƙa sa ido. Yaron da ya faɗa mini haka bai kai Nasiru ba, kuma gaskiya ya faɗa. Bikan ya koma saman katakonsa ya zauna yana warware jan zaren hular da haƙori, a hankali, kowa na kallo. Da Asabe ta ga yaro lafiya, sai kukanta ya juye dariya. Ta miƙe tsaye tana tafa hannu, hawaye na zuba, tana faɗa wa mutanen da ba su tambaye ta ba:

"Jama'a ku shaida! Sunan mijinta ne! Shekara arba'in tana ɓoyonsa kamar kuɗin adashi, yau biri ya ƙwace! Kun ga angon can, har ya amsa!"

Mata suka kewaye mu suna dariya, wasu na leƙen fuskata, wasu na nuna mahaifinku. Wata tsohuwa da ban sani ba ta dafa ni ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, ai lalura ce." Tausayin nan nata ya fi dariyar zafi. Na ja mayafi na rufe fuskata, na ji da ƙasa za ta buɗe da na shige har da bencin.

Na'ima ta iso a guje, ba takalmi a ƙafarta ɗaya. Ta karɓi yaron, ta duba kansa, ta duba wuyansa, ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallonta ta cikin mayafi, ina jiran maganar da na san ni da ni ce da na faɗa. Ta gaya mini yana da saurin ƙafa, na ce mata na yi renon tara. Sai ta zo ta durƙusa a gabana, ta ɗora shi a cinyata, ta kama hannuna ta ɗora a kan nasa.

Ta ce, "Inna, riƙe mini shi. Ƙafafuna rawa suke."

Shi kuwa gogan ya ɗaga gefen mayafina ya leƙo, ya taɓa kansa ya ce, "Hula. Mee ya ɗauke."

Daga nan ba a ƙara kallon komai ba. Zakin ma, in ji Nasiru, barci yake yi ya juya wa mutane baya, wutsiyarsa kawai mahaifinku ya gani. Muka shiga mota. Asabe ta yi ta toshe baki tana girgiza, kujera na girgiza da ita. Sai da muka wuce gadar Wudil mahaifinku ya yi gyaran murya daga gaba, bai waiwayo ba, ya ce:

"Ashe dai kin san shi. Ni na ɗauka tuni kin manta."

Nasiru ya kusa sakin hanya. Mahaifinku ya ci gaba:

"Rabona da jin an kira ni da wannan murya tun Iya na da rai. Wallahi har na fara tunanin me na ɓata."

Har muka iso gida fuskata na cikin mayafi, yaron na barci a cinyata, hannuna a kan wuyan hannunsa.

Kafin in gaya muku abin da na yi da safe, bari ku san abin da wannan kira ya ci mini. Kafin sati ya zagayo labari ya gama unguwa, Asabe ba ta bar gida ko ɗaya ba. Na kai wata ban je gidan suna ba. Da na fara fita, in na buɗe baki zan yi wa wata yarinya faɗa a kan ɗankwali ko a kan ɗaga murya, sai in ga gefen bakinta na motsi, in haɗiye maganata. Mahaifinku kuma har ya koma ga Allah, in na kawo masa abinci na ce Malam ga tuwo, wani lokaci sai ya dubi bango ya ce wa ake kira, shi ai yana da suna. Ban sake faɗa ba, ko sau ɗaya, ko a ranar da yake jinya ya roƙe ni da wasa. Kuna ganin abin dariya ne don ku yanzu kuna kiran mazanku kamar kuna kiran ƙannenku. Ni abin da na tara shekara arba'in ne na zubar a gaban baƙi, a gaban biri. Har gobe in na tuna wannan na'am ɗin sai na ji fuskata ta ɗau zafi. Akwai kuma wadda ta fi wannan nauyi, wadda ba kwa sakawa a labarinku don ba ku san da ita ba: Abban nan guda biyu da na fara kira, alhali na san ba ya amsawa. Ko Na'ima ta ji su daga inda take, ban sani ba. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Washegari da na idar da sallah na dama kunu. Na kai na mahaifinku bakin ƙofarsa na ajiye na juyo, ban tsaya gaisuwa ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan. Na shiga ɗakin hatsi na jawo buhun geron da na noma a 'yar gonata ta hanyar Surko, ba na gida ba, nawa na kaina. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na fara aunawa, mudu-mudu, kashi goma. Wanda ya rantse da Allah ya karya, sai ya ciyar da mabukata goma, wannan ko ban shiga aji ba na sani. Nasiru ya fito yana goge fuska, ya tsaya a kaina.

"Inna, ai Allah ya ga lalura ce."

"Ya gani. Rantsuwar ma ya ji ta."

"To bari in zuba a mota in kai can wani ƙauye, ba wanda zai san daga ina."

"A gaban matan unguwar nan na rantse. A unguwar nan zan raba, da ƙafata. Wanda ya tambaye ni dalili in gaya masa."

Ya juya ya koma ɗaki. Na ƙulla kowane kashi, na jera a babbar ƙwarya. Na riga na san gidajen: matar da mijinta ya rasu da damina ya bar mata yara, makahon bayan masallaci, da sauransu. Ina so in tafi da yaron, tun da a kansa aka yi. Na duba ban gan shi ba, sai motsinsa nake ji can bayan ɗakuna wajen akurki, yana bin 'yan tsaki. Na buɗe baki, na rufe. Na'ima na tsugune a gaban murhu tana hura wuta, ta ba ni baya, amma na san tana jina.

"Na'ima."

"Na'am, Inna."

"Kira mini yaron nan."

Ta ajiye mafici za ta tashi ta je ta ɗauko shi, kamar yadda ta saba yi a gabana.

"Ban ce ki ɗauko shi ba. Cewa na yi ki kira shi."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar mahaifinku da ke buɗe, kwanon kunun ba ya wurin.

"Da wane suna, Inna?"

"Da wanda yake amsawa."

Ta kira a hankali, kamar mai tsoron tashin mara lafiya.

Na ce, "Ɗaga murya. Ba zai ji ba."

Ta ɗaga. Sunan ya cika tsakar gida. Daga ɗakin mahaifinku aka yi tari sau ɗaya. Yaro ya ɓullo a guje, kansa ba hula, gashin kaza a hannunsa. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, na ɗora ƙwarya a ka. Ya miƙo mini yatsa ɗaya yadda ya saba, na ƙi yatsan, na kama wuyan hannun gaba ɗaya. Muka bi ta gaban ƙofar kakansa, ban kalli ciki ba, muka fita zaure.